Ƙafar Habboba

Ranar farko da aka ba mu lambar wayar neman taimako, da na'ura na gaisa. Gara in faɗa miki da bakina, Rukayya, kafin wani ya riga ni ya ƙara gishiri, tunda a gidanmu ni kaɗai aka sani da wannan sana'a. Umma ce ta miƙo mini waya ta ce in kira in gaya musu famfon kicin ba ya kawo ruwa. Wata mata ta ɗauka, muryarta da sanyi kamar daga firji aka ciro ta, ta yi sallama da Larabci. Na amsa mata cikakkiyar amsa. Na tambaye ta gida, na tambaye ta yara, na tambaye ta gajiya, har na yi mata sannu da zafin rana. Ita kuwa ba abin da take cewa sai in danna ɗaya, in danna biyu. Na toshe wayar da tafin hannu na ce wa Umma matar nan ba ta sami tarbiyya ba. Kakarmu Habboba, da ke kwance tana jinmu, ta ce in yi mata uzuri, wataƙila rasuwa aka yi musu. Sai da matar ta koma farkon maganarta, da sallama iri ɗaya da numfashi iri ɗaya, sannan na gane babu kowa a ciki.

Lokacin kina goye, ba abin da kika sani sai tauna mayafin Umma. Ina rubuta wannan ne don ranar da za ki iya karatu, domin kafin ranar za ki ji abin da dangin Baba suke faɗa a waya game da ƙafar Habboba. Wasu sun ce Umma ce ta yi sakaci da surukarta. Wasu sun ce mutanen ɓoye ne na benen da muka zauna a Makka suka taɓa ta. Ba ɗayansu da ya taɓa taka benen. Ni na zauna a cikinsa. Na san an ce rabin maganata iska ce, don haka wannan karon zan riƙa gaya miki inda na ƙara da inda ban ƙara ba.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakannin kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi don su yi noma su sami guzuri, zangon ya zama gari. Da yaƙi ya iso garin, Baba ya kai mu bakin teku ya sa mu a jirgin ruwa da takardar umara, ni da ke da Umma da mahaifiyarsa, wadda muke kira Habboba kamar yadda ake kiran kaka a can. Shi ya koma. Takardar ta ƙare, yaƙin bai ƙare ba, muka zama irin mutanen da ba a kore su ba, ba a kuma ce su zauna ba.

A Tandabawi, wata unguwa a Makka, muka fara zama, a wani ɗaki can saman tudu, inda sai ka yi ta hawan matakala har ka fara gaisawa da shaho. Wata jam'iyyar taimako ce ke biyan haya. Tana da ɗan ofis kusa da mai burodi, amma kowa ya san ainihin ofishin shi ne falon Sitti Kande. Tsohuwa ce haifaffiyar Makka, iyayenta mutanen Kano, carbi a hannu ɗaya, tarin makullai a ɗayan. Ita ke cewa wane ya shiga ɗaki kaza. Ita ke sanin gas ɗinka ya ƙare kafin kai ka sani. Idan yaro ya tashi da zazzaɓi, kafin uwarsa ta gama ɗaura zani Sitti ta turo jikanta da mota. Amma kada ki ɗauka waliyyiya ce. Wanda ya iya durƙusa mata shi ke samun ɗaki mai taga. Sai ta shigo tsakiyar ɗaki sannan take sallama, ta buɗe tukunya, ta ɗanɗana, ta ce miyar ta yi ruwa, kafin la'asar duk unguwa ta san abin da muka dafa da abin da ba mu da shi. Umma, wadda a garinmu malamar makaranta ce mai gidanta da ƙofarta, takan shiga banɗaki ta yi kuka bayan Sitti ta fita. Habboba kuwa ta sami ƙawa. Su biyun sukan zauna a bakin ƙofa suna cin goro suna kushe girkin 'yan zamani.

Sai jam'iyyar ta sake tsari. Aka ce ƙananan ofisoshi suna da son kai, wani ya samu wani ya rasa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Aka rufe su duka, aka tara aikin wuri ɗaya a wani babban gari da ban taɓa gani ba, aka ba kowa lambar waya ɗaya. Aka ce duk mai son a ci gaba da taimaka masa ya koma wani bene a unguwar Aziziyya, nan cikin Makka, irin benen alhazai da ke zama fanko in ba lokacin aikin Hajji ba. Sitti ta ce wa Umma ta zauna, za a san yadda za a yi da haya. Umma ta yi godiya, irin godiyar da ake yi ana ɗaure kaya. Ranar tafiya ba ta je ta yi mata sallama ba, ni ta aika. Sitti ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in gaya wa uwata Allah ya sa lambar ta iya dama kunu.

Zan yi wa benen adalci. Ruwa yana zuwa, famfon nan ma an gyara shi kafin mu gama mita. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Katin abinci yana cika ranar da aka ce, ba sai an durƙusa wa kowa ba. A ranar farko Umma ta murɗa makulli ta jingina da ƙofa ta lumshe ido, na ga fuskarta ta garinmu ta dawo. Sai dai an gina benen ne don taron alhazai, mu kuwa da aka zuba a ciki ba mu da yawa, kuma kwamfuta ce ta raba ɗakuna, ta watsa mu kamar an watsa wa kaji tsaba. A hawan da muke, mu kaɗai ne. Na ƙasanmu ba kowa, na samanmu ba kowa. Na taɓa jin kukan jariri ta cikin bututun banɗaki, na yi yini guda ina hawa ina sauka ina neman gidansu, ban samu ba. Dokar gidan ta hana shigo da baƙo, kuma akwai mai gadi a ƙofa, wani bawan Allah da ba ya jin Hausa, Larabcin ma sama-sama, aikinsa kallon wayarsa.

Ban taɓa sanin rana tsaka tana da ban tsoro ba sai a can. Barandar da ke tsakanin ɗakuna doguwa ce, ba ta da taga ko ɗaya, ƙofofi hagu da dama, kuma fitilunta irin masu kunna kansu ne idan sun ji motsi. In ka leƙa ɗakunan da ba a kulle ba, gadaje ne a jere, kowanne da katifarsa cikin leda, kamar asibitin da marasa lafiyarsa suka tashi suka tafi lokaci ɗaya. Alhazan bara sun bar abubuwansu: silifa ƙafa ɗaya, takarda manne a ƙofa da rubutun da ban san na wace ƙasa ba ne, farin mayafin harami da aka manta a igiyar shanya. Lif kuwa yakan tsaya a hawan da ba wanda ya danna. Ya buɗe baki ga duhu, ya jira daidai yadda mutum zai shigo da kayansa ya gyara tsayuwa, sannan ya rufe. Nakan matsa gefe in ba da wuri. A nan ban ƙara komai ba.

Habboba tana da ciwon suga tun a gida. Ba mu daɗe da tarewa ba ta taka wani abu a banɗaki, ɗan yanka a ƙasan babban yatsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta sa safa. Bayan kwanaki ta ƙara wata safar a kai. Ta daina zuwa Harami, ta ce bas yana sa ta jiri. Ta koma salla a zaune, ta ce shekaru sun ba ta izini. Ta sa aka fito mata da katifa falo, ta kwanta tana fuskantar ƙofa. Ni na fara jin warin, saboda ni ke zama kusa da ita. Tsakanin jika da kaka ba kunya: ni ne angonta, ita ce amaryata, kullum tana ƙorafin na aure ta ban kawo lefe ba. Na ce mata amarya, wani abu ya mutu a ɗakin nan. Ta ce zuciyata ce, rowa ta kashe ta. Ta sa na kunna turaren wuta, daga ranar kuma kaskon bai sake hucewa ba.

Umma ma ta ji, na ga hancinta. Amma Habboba uwar mijinta ce, wadda ko sunanta ba ta taɓa furtawa ba, ko ido ba ta haɗawa da ita. Takan durƙusa daga nesa ta ce Inna ya jiki, Habboba ta ce da sauƙi, Umma ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tashi. Da wane baki za ta ce a cire safa ta gani? Sau ɗaya ta kawo ruwan ɗumi ta ce bari ta gasa mata ƙafa. Habboba ta ce ba ta lalace haka ba tukuna, ta ja bargo. Umma ta koma kicin da robar.

Sai baƙi suka fara zuwa. Bayan azahar ne, kin yi barci, Umma tana wanki. Habboba ta ce in buɗe ƙofa, mutane suna tsaye. Na buɗe, duhu. Ina shirin rufewa sai fitilar can ƙarshen baranda ta kama. Ta mutu, ta kusa da ita ta kama. Haka suka riƙa tahowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin tafiyar wanda ya gaji, har ta bakin ƙofarmu ta kama a kaina. Ba kowa.

"Sannunku da hanya," in ji Habboba. "Ku shigo daga ciki. Ango, matsa musu mana, ka tsaya kamar turke."

Na matsa. Na tambaye ta su wane ne. Ta ce mutanenmu ne, waɗanda suka taso a ƙafa ba su iso ba. Ta ce ƙura har gwiwa, da gora da sanda, wasu da yara a wuya. Akwai kakanta a ciki, ta gane shi da tsagar fuska. Jikinta zafi kamar murfin tukunya, amma maganarta tsaf, har tana yi mini faɗa don ban kawo musu ruwan wanke ƙafa ba. Na cika roba na ajiye a baranda, rabi don wasa, rabi don kada a ce ban yi ba. Da la'asar na je ɗauka, na tarar ruwan ya yi ja, da laka kwance a ƙasa. Na san abin da za ki ce. Wataƙila ƙura ce daga silin, wataƙila tsatsar famfo ce ta kwanta. Ni ma haka nake gaya wa kaina. Na zubar a banɗaki, ban gaya wa Umma ba.

Daga ranar na zama ɗan gidan lambar. Na haddace inda ake dannawa har ina iya yi da yatsan ƙafa. Kowane kira sabon mutum, kowane sabon mutum kuma sai na faro masa labari daga jirgin ruwa. Ba mugaye ba ne, wasu har addu'a suke yi mana. Amma dokarsu ita ce ba a turo likita ko mota don babba mai hankalinsa sai an ji daga bakinsa, wai don kada 'ya'ya su riƙa jefar da tsofaffi a asibiti. Na ce ƙafar ta kumbura ta kai kankana. Na ce warin ya kori kyankyasai daga benen gaba ɗaya. Ban san lokacin da bakina yake yin haka ba. Wani mutum ya yi dariya ya ce in ba babba waya. Umma ta karɓa, Habboba tana kallonta daga katifa, sai Umma ta ce e to, jiki ne dai na tsufa. Aka ce za a nemo mai jin Hausa ta yi magana da mai ciwon da kanta.

Ranar da ta kira har rawa na yi. Daga muryarta budurwa ce, irin jikokin Hausawa da aka haifa a ƙasar nan, Hausarta tana dogara sanda. Ta ce kakarta ma Bahausa ce, ta rasu tun tana ƙarama. Na buɗe muryar wayar na ajiye a kan filon Habboba.

"Kaka, ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Alhamdu lillahi."

"Da sauƙi? Ya'ani ya fi jiya?"

"Sai godiya. Ke 'yar gidan wa ce?"

Na ji ƙarar tana danna kwamfuta. Na fizge wayar na ce mata da Larabci kada ta rubuta, kowa haka yake cewa. Na ce a garinmu na ga mutumin da bango ya faɗo wa, aka ciro shi aka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, bai kai magariba ba. Wannan ma ban ƙara ba. Ta ce ta gane, wallahi ta gane, amma abu uku ne a gabanta: ya ƙaru, yana nan, ya yi sauƙi. Kuma ana naɗar maganar, ba ta da ikon rubuta abin da ba a faɗa ba. Ta roƙe ni in mayar wa Kaka, ta tambaye ta a fili ko tana son a turo mota. Habboba ta ce mota ta je ta ɗauki marasa lafiya. Kafin la'asar saƙo ya shigo cikin ladabi, cewa an rufe buƙatarmu saboda mara lafiya ta sami sauƙi, suna taya mu murna.

Umma ta karanta ta kife wayar. Washegari da safe ta daɗe a kicin tana buɗe gwangwanaye tana rufewa. Sannan ta yi magana ba ta dube ni ba, ba ta kuma kira sunana ba, tunda ni ɗan fari ne.

"Kai, daddawa ta ƙare. Ba a samunta sai a Tandabawi."

Gwangwanin daddawa yana gabanta, cike har wuya. Na dube shi, na dube ta. Ta ce in na ga manya a hanya in durƙusa in gaishe su da kyau, in ce uwata tana neman gafara. Ta ce in faɗi abin da idona ya gani kawai, in na ƙara ko kalma ɗaya ba ta yafe ba.

Da na sauka daga bas na fara hawan matakalar Tandabawi, hayaniya ta doke ni kamar ruwan sanyi: yara, masu tuyar ƙosai, rediyo, wata mata tana zagin akuyar da ba tata ba. Na manta haka duniya take. Na tarar da Sitti Kande a falonta tana tsinke ganyen miya a tire. An rufe ofis, amma falon cike yake da mata kamar da. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu na fara shirin yi mata jana'iza. Ta tambaya ko lambar ce ta aiko ni. Na isar da saƙon Umma. Ta ce gafara ta Allah ce, ta ci gaba da tsinke ganye. Can ta ce ya Hauwa, wato Habboba. Kankana ta zo mini har leɓe, na haɗiye ta. Na ce tana cewa da sauƙi. Sitti ta ce ba abin da take cewa ta tambaye ni ba. Yaushe rabonta da Harami? Tana cin goro? Na ce ta daina goro. Na ce safa biyu take sawa, turare kuma ba ya mutuwa. Na ce tana yi wa mutanen da suka zo a ƙafa sannu da hanya. Sitti ta ajiye tiren a cinyar matar da ke kusa da ita, ta ce a kira mata jikanta da mota, a miƙo abaya.

A mota ta yi wa kowa faɗa, da ni, da Umma, da jam'iyya, da direban da ke gabanmu. Ta ce tunda take ba ta taɓa jin an ce za a je sauraron mara lafiya ba, dubiya ake zuwa, da ido. Da muka isa mai gadi ya miƙe ya ce an hana. Sitti ta miƙa masa jakarta ta ce ya riƙe mata, ya karɓa kafin ya yi tunani, ta wuce. Muna cikin lif ya tsaya a wani hawa ya buɗe ga duhu. Ina jira in ji tsakinta. Sai na ga ta tattara abayarta ta matsa gefe, ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Ba ta dube ni ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Umma ta durƙusa a bakin ƙofa. Sitti ta ce a ajiye gaisuwa sai anjima, ta wuce ta zauna a bakin katifar Habboba, ta ture kaskon turare da ƙafa.

"Hauwa, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara. Cire safar."

"Kande, ba ki da kunya."

"Ban san inda ake sayar da ita ba. Ki cire, ko in cire."

Sitti ce ta cire, a hankali, saboda safar ta manne. Ni da na ce kankana, ranar na gane ban iya ƙari ba. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi, baƙin ya wuce idon sawu yana hawa. Umma ta juya ta fuskanci bango. Sitti ta daɗe tana kallo, sannan ta ce Hauwa, kin san abin nan tun tuni. Habboba ta ce ta sani. Ta yi magana a natse, ba irin ta mai zafin jiki ba.

"Kakana ya taso da ƙafa biyu bai iso ba. Ni na iso. An ce kafin Hajji za a kwashe mu daga garin nan, masu irin takardarmu ba sa zama. Saura kaɗan, Kande. Ki bar ni a yi mini salla a Harami, a sa ni a ƙasar nan gaba ɗayana. Ga su can suna jirana."

Ta nuna baranda. Ƙofa a buɗe take, fitilar bakin ƙofar tana kunne, mu kuwa dukanmu muna ciki.

Na ɗauka Sitti za ta yi faɗa. Sai ta riƙe hannun Habboba. Sannan ta ce kwana ba a hannun Hauwa yake ba, kuma ita ba ta zo da mota don ta koma da ita fanko ba. Ta juya wajen ƙofa ta ce wa na baranda su yi haƙuri, sun yi jiran da ya fi wannan. Ta ce a kawo zani. Umma ta kawo, ta durƙusa, ta dubi Habboba ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce Inna ki yafe mini, ta naɗe ta. Ni da jikan Sitti muka ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A cikin lif ta juyo da kai ta tambaya wa ya je Tandabawi. Na ce daddawa aka aike ni saya. Ba ta yi dariya ba.

A asibiti ba wanda ya tsaya tambayar takarda da suka ga ƙafar. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba ba za ta daɗe ba. Habboba ta ce ba ta yarda ba. Sitti ta yi lallashi, ta yi zagi, ta kawo ayoyi, a banza. Sai da aka samu Baba a waya daga can inda yake, layin yana yankewa, ya yi ta kuka kamar yaro yana cewa Inna ki jira ni, sannan ta miƙa babban yatsa aka dangwala. Bayan aikin aka naɗe ƙafar a farin ƙyalle, kamar yadda ake yi, aka kai maƙabarta. Na bi su. Ramin ƙarami ne, kamar na jariri.

Da takardar asibiti ta shiga kwamfuta, lambar ta yi abin da Sitti ba za ta iya ba. Keken guragu sabo fil, ma'aikaciyar jinya mai zuwa wankin ciwo, magani ba yankewa. Zafin jikin ya sauka, baƙi suka daina zuwa, ko kuma ta daina gaya mana. Ni ma ta daina ce mini ango. Tijjani, miƙo ruwa. Tijjani, rufe ƙofa. Na yi duk wautar da na iya, na ɗaura zaninta na yi tafiyar Sitti, na ce na tara kuɗin lefe saura akwati. Takan dube ni kamar ɗan maƙwabta.

Da Hajji ya matso saƙo ya zo cewa za a mayar da mu Jidda, masu benen suna son ɗakunansu. Sitti ta ce a bar mata Hauwa, ba wanda zai shiga falonta ya ƙirga tsofaffi. Ita da Umma suka zauna a kicin suka yi ta juya maganar, kamar ba su taɓa ɓatawa ba. Amma keke ba ya hawan matakalar Tandabawi, magani da mai wankin ciwo kuma suna bin suna ne duk inda kwamfuta ta kai shi. Sitti ce da bakinta ta ce mu tafi da ita. Ta rako mu har bakin bas, ta cusa wa Habboba ƙullin goro a hannu, Habboba ta karɓa.

Ta rayu har bayan ƙaramar salla ta shekarar da ta biyo. Ta ga kin fara gudu, ta ji muryar Baba sau da yawa. Ta rasu da hantsi a ɗakinmu na Jidda, Umma tana riƙe da kanta. Umma ta kira lambar ta tambaya ko za a iya kai ta Makka, suka yi mana ta'aziyya suka ce za a duba a kira mu. Sitti ta buga wa duk wanda ta sani, ba wanda ya iya samo izini a ranar. Gawa ba ta jira. A Jidda aka binne ta bayan la'asar. Ƙafarta ta hagu ce take Makka.